Har yaushe, ya Ubangiji? Hukuncin Allah a kan mugunta da alkawarin fansa a koyarwar Kirista

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'izar wanda aka kashe a jihar nan ta Kaduna, ko a Sabon Tasha ne ko Gonin Gora ko can ƙauyukan Kajuru da Zangon Kataf, ya san akwai maganganu biyu da ke tashi a wurin. Mata suna kuka suna cewa Allah ya isa, Allah zai saka mana, shi kuma fasto ya miƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu yana cewa 'yan'uwa mu gafarta, Yesu ya mutu domin masu zunubi. Sai ka ga matasa a baya sun haɗe rai, don a kunnensu abin da fasto ke cewa shi ne jinin ya tafi a banza kenan. Mutane da yawa, har da waɗanda suka girma a cikin coci, sun ɗauka maganganun nan biyu faɗa suke da juna, wato ko dai Allah mai hukunci ne ko kuma mai jinƙai ne, dole ka zaɓi ɗaya. To a koyarwar Kirista ba haka abin yake ba. Hukuncin da fansar a ɗaure suke, in ka cire ɗaya ɗayan ma ya lalace, kuma ni a ganina rashin bayyana wannan da kyau daga bagade ya sa wasu yaranmu suka fidda rai daga coci, wasu kuma suka ɗauki adda.

Kukan matan nan ba rashin bangaskiya ba ne, a cikin Littafin yake. Annabi Habakuk, wanda ya yi zamani kafin Babilawa su rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, da ƙorafi ya buɗe littafinsa, yana tambayar Allah har yaushe zai dinga kuka a kan ta'addanci amma ba a cece shi ba, ya ce doka ta mutu, mugaye sun kewaye masu gaskiya, shari'a tana fitowa a karkace. Kamar mutumin Kaduna ne ya rubuta. Asaf ma a Zabura 73 ya faɗa ƙiri-ƙiri cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba suna tara dukiya ba abin da ke samunsu. A can ƙarshen Littafin kuma, Wahayin Yahaya sura 6, rayukan waɗanda aka yanka saboda bangaskiyarsu suna ƙarƙashin bagade suna tambaya iri ɗaya, har yaushe ba za ka rama jininmu ba. Ba wanda ya tsawata masu a wurin, fararen riguna aka ba su aka ce su ƙara jira kaɗan. Saboda haka duk mai wa'azin da zai ce wa gwauruwa ta daina cewa Allah ya isa, gaskiya bai karanta littafinsa da kyau ba.

Amma me ya sa ma Allah zai hukunta? Wasu suna ji kamar wai fushi ne irin na sarki da aka taɓa masa girma. Malaman ikkilisiya tun da can ba haka suka fahimta ba. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ɗan Afirka ne irinmu, ya rasu a 430, ya koyar cewa mugunta ba wata halitta ba ce da Allah ya yi, lalacewar abu mai kyau ce. Allah ya yi duniya ya ce tana da kyau, ya yi mutum cikin siffarsa, to duk wanda ya kashe mutum ko ya yi wa yarinya fyaɗe ko ya cinye kuɗin maganin asibiti, siffar Allah ya taɓa. Fushin Allah a nan shi ne ƙin yardarsa a lalata abin da yake ƙauna. Allahn da zai ga an kwashe yara sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist a watan Yulin 2021, ko ya ga abin da aka yi wa fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, sannan ya ce ba komai, wannan ba mai ƙauna ba ne, wanda bai damu ba ne kawai.

Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne tun daga shafin farko, duk inda hukunci ya faɗo sai ka tarar da alkawari a naɗe a cikinsa. A Farawa sura 3, a cikin la'anar da aka yi wa maciji ne aka ce zuriyar macen za ta ƙuje kansa, kuma kafin a kori Adamu da Hawwa'u daga gonar sai da Allah ya yi masu sutura ta fata. Kayinu ya kashe ƙanensa Habila, Allah ya ce jinin ɗan'uwanka yana yi mini kuka daga ƙasa, ya kore shi, amma kuma ya sa masa alama don kada wani ya kashe shi. Ruwan tsufana ya zo, ga jirgin Nuhu, ga bakan gizo. Babilawa sun kwashe Yahuza zuwa bauta, amma Irmiya da ya yi shekaru yana shelar wannan bala'in shi ne dai ya yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya, har ya sayi gona a Anatot alhali sojojin Nebukadnezzar sun kewaye birnin, don ya nuna wata rana za a dawo a yi noma. Aka kuma dawo ɗin, bayan Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Almasihu.

To sai maganar jinkiri, wadda ita ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. In Allah yana gani, me yake jira? Littafin bai ba da amsa guda da za ta rufe bakin kowa ba, amma ya ba da dalilai. Ibrahim ya tsaya yana roƙo saboda Saduma, daga mutum 50 har ya sauko zuwa 10, yana cewa ashe mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, za ka hallaka mai gaskiya tare da mugu? Yesu ya ba da misalin alkama da ciyawa a Matiyu 13, barori suna ɗokin su tuge ciyawar, maigida ya ce a'a ku bari sai lokacin girbi, kada garin tuge ciyawa ku tuge alkama. Bitrus kuma a wasiƙarsa ta biyu ya ce ba jinkiri Ubangiji yake yi ba, haƙuri yake yi, ba ya so kowa ya hallaka sai dai kowa ya kai ga tuba. Na san wannan amsar tana da nauyi ga wanda aka kashe wa ɗa, don ma'anarta ita ce Allah yana ba wanda ya kashe ɗan nasa lokaci. Annabi Yunusa ma bai so ba. An aike shi Nineba, babban birnin Assuriyawa, mutanen da suka yi suna wajen rashin imani a yaƙi, da suka tuba Allah ya fasa hallaka su, Yunusa ya yi fushi har ya ce gara ya mutu, ya ce dama na san kai mai jinƙai ne shi ya sa na gudu. Amma fa Nineba ɗin nan da ta koma ga halinta, annabi Nahum ya yi mata shelar hukunci, ta kuwa faɗi a 612 kafin haihuwar Almasihu. Haƙurin yana da tsawo, sai dai yana da iyaka.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, don nan ne mu Kiristan Kaduna muka fi tuntuɓe. Muna son wa'azin hukunci muddin a kan wasu zai faɗo. Ka je ka karanta Amos sura 1 da 2. Makiyayi ne daga Tekowa, ya je arewa ƙasar Isra'ila ya fara jero laifofin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, Dimashƙu, Gaza da ta kwashe gari guda ta sayar bauta, Taya, Edom, Ammonawa da suka farke cikin mata masu juna biyu don su faɗaɗa iyakarsu, Mowab, kana iya jin yadda masu sauraro za su dinga cewa amin da ƙarfi, sai kawai ya juyo kan Yahuza, daga nan ya dira kan su Isra'ila ɗin kansu, kuma nasu ne ya fi tsawo, ya ce kuna sayar da mai gaskiya saboda azurfa, matalauci kuma saboda takalmi. Gaba kaɗan ya ce kaitonku ku da kuke ɗokin ranar Ubangiji, duhu za ta zame maku ba haske ba, ya ce Allah ya gaji da idodinku da waƙoƙinku, abin da yake so shi ne adalci ya gudana kamar ruwa. Bitrus ya maimaita wannan a sabon alkawari, cewa daga gidan Allah shari'a za ta fara. To mu da muka ga rikicin 2000 da na 2002, wanda ya sa kogin Kaduna ya koma kamar iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista, muka ga na 2011 bayan zaɓe, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, an ƙona coci-coci an kashe namu, haka ne, amma a Zonkwa da kewaye an kashe Musulmi masu yawa, kuma waɗanda suka yi wannan aikin da sunayen baftisma suke yawo. Jinin da ke kuka daga ƙasa ba ya tambayar addinin wanda ya zubar da shi. In muna addu'a Allah ya hukunta masu kisa, mu san cewa addu'ar ta haɗa da waɗanda ke zama kusa da mu a benci ranar Lahadi, ta haɗa da dattijon da ya cinye gonar marayu, da ɗan siyasan da ya kawo baiko mai kauri daga kuɗin jama'a aka ba shi kujerar gaba.

Haka nan kuma Yesu ya hana mu wani hali da ya yi mana katutu, wato da zarar masifa ta sami wani sai a ce Allah ne ya kama shi. A Luka 13 an kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce kuna tsammani sun fi sauran zunubi ne? A'a, in ba ku tuba ba ku ma haka za ku hallaka. Abokan Ayuba ma da suka dage lallai sai ya yi wani laifi ne, a ƙarshe su Allah ya yi wa faɗa. Don haka in gobara ta tashi a kasuwa ko mota ta kife da mutanen ɗaya ɓangaren, ka ga Kirista ya shiga Facebook yana cewa hukunci ne, ba daga Yesu ya koyo ba.

To in shari'ar ta kama kowa da kowa, wa zai tsira? Nan ne ainihin zuciyar koyarwar. Bulus a Romawa sura 3 ya ce duka sun yi zunubi sun kasa kaiwa ga ɗaukakar Allah, sannan ya ce Allah ya ba da Yesu Almasihu hadaya domin ya nuna shi mai adalci ne, kuma shi ne mai kuɓutar da wanda ya ba da gaskiya. Wato a gicciye ba a share laifi kamar bai faru ba, an yanke masa hukunci, sai dai alƙalin ne da kansa ya ɗauki hukuncin. Kiristoci suna karanta Ishaya 53 a kan haka, bawan da aka soke saboda laifofinmu, horon da ya kawo mana salama a kansa ya sauka. Na san a nan ne muka rabu da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda suka yarda da ranar hisabi da rahamar Allah kamar yadda muka yarda, amma a wurinsu ba a gicciye Annabi Isa ba, kuma ba rai da ke ɗaukar nauyin wani. Bambanci ne na gaske, ba na ɓoyewa ba, kuma ana iya faɗinsa ba tare da zagi ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne a fahimtar Kirista ba wani bawan Allah ne aka kama aka ɗora wa laifin wasu ba, da hakan ne da zalunci ne, abin da muka gaskata shi ne Allah ne kansa cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa.

Yadda mutuwar nan ta yi aiki kuwa, malamai sun daɗe suna bayani ta fuskoki daban-daban. Yesu ya ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, kuma mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yadda iyali ke sayar da gona da babur da hatsin shekara su haɗa kuɗi su kai daji don a sako masu mutum ɗaya, mun san cewa 'yancin wanda aka sako wani ne ya biya da duk abin da ya mallaka. Sai dai kwatancin yana da inda ya tsaya. Wasu malaman farko kamar Orijen sun ce Shaiɗan aka biya, Giregori na Naziyanzus a ƙarni na 4 ya ce haba, ɗan fashi ne zai karɓi Allah kansa a matsayin lada? Shi ma Uban ba mai garkuwa ba ne da zai riƙe mu sai an kawo jini. Daga baya Anselm, babban bishop ɗin Kantabari, wajen shekarar 1098 ya bayyana shi a matsayin bashi, bashin da mutum ne ya ci amma ba zai iya biya ba, Allah ne kaɗai zai iya biya amma ba shi ya ci ba, shi ya sa dole mai biyan ya zama Allah kuma mutum. Su Luta da Kalbin, jagororin Furotesta na farko, suka ƙarfafa cewa hukuncinmu ne ya ɗauka a madadinmu, wannan ne aka fi ji a coci-cocin ECWA da Baptist da HEKAN. Ikkilisiyoyin gabas kuma sun fi kallonsa a matsayin nasara, Almasihu ya shiga cikin mutuwa ya karya ta daga ciki ya tashi a rana ta uku. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a yi faɗa a kansu ba, dukansu suna da ayoyi a bayansu, amma a garin da mutane ke kwana da tsoron mutuwa ina ganin ya kamata a riƙa jin wa'azin nasarar nan fiye da yadda ake ji.

Gicciye bai soke ranar shari'a ba. Shaidar bangaskiyar da aka tsara a Nisiya a 325 aka kammala a 381, wadda Katolika da Angilikan da sauransu ke karantawa har yau, ta ce zai sake dawowa ya yi wa masu rai da matattu shari'a. A Matiyu 25 an raba tumaki da awaki, kuma tambayoyin da aka yi a wurin su ne wa ka ciyar, wa ka shayar, wane baƙo ka saukar, wane mara lafiya ko ɗan kurkuku ka duba. Game da makomar waɗanda suka ƙi tuba akwai saɓani. Mafi yawan ikkilisiya tun da can sun riƙe cewa hukuncin madawwami ne, wasu tsiraru sun ce ƙarshensu hallaka ce gaba ɗaya su daina kasancewa, wasu kuma sun yi begen a ƙarshe kowa zai tsira. Wannan ra'ayi na ƙarshen shi ne Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi a ƙasar Jaba, wanda ya taɓa zama babban sakataren ECWA, ya yi ta gargaɗi a kansa kafin rasuwarsa a Kenya a 1975 yana ɗan shekara 39. Katolika suna da koyarwar tsarkakewa bayan mutuwa ga waɗanda suka mutu cikin alheri, Furotesta ba su karɓa ba. Inda kusan kowa ya haɗu shi ne alkawarin bai tsaya ga rai ya tafi sama ba, tashin jiki ne, sabuwar sama da sabuwar ƙasa, inda Wahayi 21 ya ce Allah zai share hawaye, ba sauran mutuwa. Wanda aka binne a kabarin bai-ɗaya ba tare da an gane fuskarsa ba, koyarwar ta ce da jikinsa zai tashi.

Wannan duka yana da aiki a ƙasa, ba a sama kaɗai ba. Romawa 12 ta ce kada ku rama, ku bar wa fushin Allah, ramako nawa ne in ji Ubangiji. Ka lura ba a ce babu ramako ba, an ce ba naka ba ne. Saurayin da aka ƙone wa gida ba za ka iya karɓar adda daga hannunsa da cewa ya manta ba, abin da zai iya sa ya ajiye ta shi ne ya tabbata akwai alƙalin da ba ya karɓar cin hanci kuma fayil ba ya ɓata a wurinsa. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin, daga baya su biyun suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna, kowa yana riƙe da addininsa, ba wanda ya ce abin da aka yi masa ba laifi ba ne. Kuma sura ta gaba, Romawa 13, ta ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba, ma'aikaciyar Allah ce don ta hukunta mai mugunta. Ashe gafarar da gwauruwa ta yi a zuciyarta ba ta ɗauke wa gwamnati nauyin kama mai laifi ta kai shi kotu ba, kuma cocin da ke wa'azin gafara amma ya yi shiru a kan rashin hukunci ya bar rabin aikinsa.

Sai tambayar da matasa ke yi mani, wai in ɗan bindiga ya ce ya tuba shikenan an wanke shi? A wurin Allah ƙofa a buɗe take, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya sami alkawarin Firdausi a ranar, Shawulu da ya tsaya yana gadin rigunan masu jifan Istifanas shi ne ya zama Bulus. Amma ka duba yadda tubar tasu take. Ɓarawon ya faɗa da bakinsa cewa hukuncin da ake yi masa daidai ne da aikinsa, kuma ba a sauke shi daga gicciyen ba. Dawuda ya kashe Uriya ya ɗauke matarsa, da annabi Natan ya fuskance shi ya tuba an gafarta masa, duk da haka an ce takobi ba zai rabu da gidansa ba, haka kuwa aka yi. Zakka mai karɓar haraji a Yariko ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4, a nan ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. To wanda ya ce ya tuba sai a tambaye shi ina shanun da ya kora, ina kuɗin da ya karɓa, ina waɗanda har yanzu suke tsare a daji, kuma a ina ya binne waɗanda suka mutu a hannunsa don iyalansu su samu su yi masu jana'iza.